Licklider: Mutumin da ya hango wayarka tun 1960

Wa ya koya maka amfani da wayar da ke hannunka? Mai yiwuwa babu kowa. Ranar da ka fara riƙe ta ka taɓa nan, ka ja can, kafin magariba har ka buɗe WhatsApp ka tura hoto. Ke ma 'yar'uwa haka. Ƙaramin yaron da bai fara makaranta ba ma, ba shi waya minti biyar ka ga yadda zai nemo bidiyon da yake so.

Wannan sauƙi da muka saba da shi har muka daina ganinsa, ba da shi kwamfuta ta zo duniya ba. An yi zamanin da sai mai babban digiri ke iya sa ta aiki, shi ma sai ya yi layi ya jira. Wasu mutane ne suka zauna suka ce na'ura ce ya kamata ta bi yanayin ɗan Adam, kuma daga tunaninsu aka samu fannin ilimi guda da ake karantawa a jami'o'i, wato nazarin mu'amala tsakanin mutum da kwamfuta, wanda ake taƙaita sunansa da HCI. Idan kana son sanin inda fannin ya faro, ko kana tunanin shigarsa, to fara da rayuwar Joseph Carl Robnett Licklider. Shi da kansa ya fi son a kira shi Lick kawai, don haka mu ma za mu huta da dogon suna.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, mutumin nan bai karanci kwamfuta ba. Masanin halayyar ɗan Adam ne, kuma kunne ya ƙware a kai.

Yaron da ya ƙi zaɓar fanni ɗaya

An haifi Lick ranar 11 ga Maris 1915 a birnin St. Louis na jihar Missouri a Amurka. Shi kaɗai iyayensa suka haifa. Tun yana yaro yake da ƙwaƙwa a kan inji: yana harhaɗa ƙananan jiragen sama na wasa, da ya girma kuma ya koma gyaran tsofaffin motoci, abin da bai daina ba har tsufansa.

Da ya shiga Jami'ar Washington da ke garinsu, sai ya haɗa fanni uku a digiri ɗaya: fiziks, da lissafi, da ilimin halayyar ɗan Adam. Ya kammala a 1937, ya yi digiri na biyu a 1938, sannan ya tafi Jami'ar Rochester inda ya samu digirin dakta a 1942. Bincikensa a kan yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar sauti ne. Da kyanwa ya yi gwajin, yana auna wane ɓangare na ƙwaƙwalwarta ke motsawa idan an kaɗa mata siririn sauti, wanne kuma idan an kaɗa mai kauri.

Riƙe wannan haɗin gambiza a ranka, domin shi ne sirrin duk abin da ya biyo baya. Mutum ne da ya san waya da lantarki, ya san lissafi, ya kuma san yadda mutum ke ji da gani da gajiya da mantuwa.

Hayaniyar jirgin yaƙi

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Lick ya fara aiki a ɗakin binciken sauti na Jami'ar Harvard. Matsalar da aka ɗora musu ta rai da mutuwa ce. Cikin jirgin yaƙi ƙarar inji ta kai inda matuƙi ba ya jin abin da ake faɗa masa ta rediyo. Kalma ɗaya ta kuɓuce masa, jirgi da mutanen ciki na iya tafiya.

Ga abin da su Lick suka gano. A maganar mutum, wasula sun fi ƙara, amma baƙaƙe ne ke rarrabe kalmomi. Gwada da bakinka: bashi, gashi, tashi, kashi. Wasulan iri ɗaya ne, baƙin farko ne kawai ke gaya maka wacce ake nufi, kuma shi ne hayaniya ke fara haɗiyewa. Sai suka nuna cewa idan aka datse tsororuwar sautin a cikin rediyo, sannan aka ƙara masa ƙarfi gaba ɗaya, baƙaƙen za su fito fili. Muryar za ta ɗan yi muni, amma matuƙi zai gane maganar. Ba wanda ya ce wa matuƙi ya ƙara kasa kunne. Rediyon aka gyara.

A wannan shekarar dai, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alphonse Chapanis yana binciken dalilin da ya sa matuƙan jirgin B-17 ke naɗe tayoyin jirgi bayan sun sauka, jirgi ya kwanta a kan cikinsa. Rahotanni duk sun ɗora laifin a kan matuƙa. Da ya shiga ɗakin tuƙi ya duba, sai ya ga maɓallin tayoyi da na fukafukan rage gudu kamarsu ɗaya, kuma suna dab da juna. Gajiyayyen matuƙi ya miƙa hannu bai duba ba, ai dole wata rana ya taɓa wanda bai yi niyya ba. Aka maƙala wa ɗaya ɗan ƙaramin taya na roba, ɗayan aka ba shi siffar fiffike, hannu ya riƙa gane su ko ido bai kalla ba. Wannan kuskure ya kau.

Darasin farko na fannin ke nan, kuma har gobe bai canza ba: idan mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya a kan na'ura ɗaya, a fara tuhumar na'urar.

Zamanin da kwamfuta ke da masu gadi

Lick ya yi aure a 1945, shi da matarsa Louise suka haifi 'ya'ya biyu. A 1950 ya koma jami'ar MIT. Lokacin yaƙin cacar baka ya kankama, Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliyarta a 1949, Amurka kuma ta tsorata da jiragen da za su iya kawo mata hari. Aka kafa ɗakin bincike na Lincoln a 1951, aka fara gina wani tsarin tsaron sama mai suna SAGE, wanda kwamfutarsa guda ta kai nauyin kusan tan 250. Lick na cikin masu kula da ɓangaren mutanen da za su yi aiki da ita.

A SAGE, soja yana zaune gaban allo, bayanan radar na shigowa nan take, ya nuna ɗigon jirgi da wata 'yar bindigar haske, kwamfuta ta amsa masa a lokacin. Yau wannan ba labari ba ne. A wancan lokaci kuwa abin al'ajabi ne, domin ga yadda sauran jama'a ke amfani da kwamfuta: ka rubuta umarninka, a huda shi a jikin katuna, ka kai wa ma'aikacin da ke tsaron ɗakin, ka koma gida. Bayan sa'o'i, wani lokaci sai washegari, ka dawo ka karɓi takardar sakamako. In ka manta waƙafi ɗaya, shi ke nan, ka sake sabon layi. Ka ƙaddara kana hira da abokinka amma kowace amsa sai ta kwana kafin ta iso. Wa zai yi tunani mai zurfi a haka?

A ɗakin binciken Lincoln ne wani injiniya, Wesley Clark, ya nuna wa Lick kwamfutar TX-2, wadda mutum ɗaya ke zama gabanta da allo da madannai yana aiki kai tsaye. Daga nan hankalin Lick ya fara barin kunne ya koma kan kwamfuta. A 1957 ya bar jami'a ya shiga kamfanin Bolt Beranek and Newman, wanda aikinsa a lokacin gyaran sautin manyan zauruka ne, ya matsa musu lamba sai da suka sayi kwamfuta.

Kashi 85 cikin 100

A bazarar 1957 Lick ya yi wani gwaji da ko sisi bai ci ba. Ya riƙa rubuta abin da yake yi a lokutan aikinsa, don ya ga ina lokacin masani ke tafiya. Sakamakon ya ba shi mamaki. Kusan kashi 85 cikin 100 na lokacin da yake ɗauka na tunani ne, ashe a shirin yin tunani yake ƙarewa: neman takardu, lissafi, zana sakamako, juya alƙaluma daga wannan ma'auni zuwa wancan. Ya ba da misalin wasu gwaje-gwaje shida a kan fahimtar magana cikin hayaniya, waɗanda kowane mai bincike ya auna nasa ta hanyarsa. Sai da ya ɓata sa'o'i kafin ya daidaita su, amma da suka daidaita, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya ga amsar. Abin da ya fi damunsa ma shi ne, yakan zaɓi matsalar da zai bincika ne gwargwadon wahalar aikin takardunta, maimakon gwargwadon muhimmancinta.

Daga nan maƙalarsa ta watan Maris 1960 ta fito, wadda a yau ake lissafa ta cikin tubalan farko na fannin. Ya buɗe ta da misalin da kai ma ka sani. Duk wanda ya taɓa tsaga ɓaure ya ga 'yan ƙananan ƙwarin da ke ciki. Ƙwaron nan shi ke kai wa ɓaure garin furen da zai sa ya yi iri, ɓauren kuma shi ne gidan 'ya'yan ƙwaron da abincinsu. Halittu biyu ne da ba su yi kama ba ko kaɗan, amma kowanne na rayuwa da ɗan'uwansa. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka irin wannan Lick ya nema tsakanin mutum da kwamfuta.

Ya ma raba musu aiki. Mutum ne zai tsai da abin da ake so a cim ma, ya yi hasashe, ya sa ma'auni, ya yanke hukunci a kan sakamako. Kwamfuta ta ɗauke masa aikin maimaici da ke share fage. Ya lissafa abubuwan da sai an samar da su kafin hakan ta yiwu, ciki har da allon da mutum zai yi rubutu da zane a kai na'ura ta gane, da na'urar da za ta fahimci magana ta baki, da cibiyoyin bayanai da aka haɗa da juna ta layukan sadarwa. Duba wayarka ka ga wanne ne babu a ciki.

A wancan lokaci wasu manyan masana sun fi karkata ga gina na'urar da za ta yi tunani ita kaɗai. Lick bai musa cewa wata rana hakan na iya faruwa ba. Shi dai abin da ya sa a gaba shi ne na'urar da za ta ƙara wa mutum ƙarfin tunani. Muhawarar da kake gani yanzu a kan ƙirƙirarriyar basira, ko za ta taimake ka ko za ta karɓe maka aiki, ka ga ashe ta girmi iyayen da yawa daga cikinmu.

Shekara biyu a Pentagon

A Oktoban 1957 Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik. Amurka ta ji kunya, ta kafa hukumar bincike mai suna ARPA a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro a 1958. A Oktoban 1962, watan da aka yi rikicin makamai masu linzami na Kyuba, Lick ya karɓi ofishin hukumar mai kula da binciken kwamfuta. Sojoji na son tsarin da zai taimaki kwamandoji su yanke shawara cikin gaggawa. Lick ya nuna musu cewa hakan ba zai samu ba sai kwamfuta ta iya amsa wa mutum nan take, wato dai abin da shi ma yake nema tun farko. Kada mu ɓoye: kuɗin soja ne ya gina yawancin abubuwan nan, kuma tsoron yaƙi ne ya buɗe bakin aljihun.

Da kuɗi a hannunsa, sai ya shiga zagaya jami'o'i yana neman masu irin tunaninsa. Ya ɗauki nauyin wani babban shiri a MIT mai suna Project MAC a 1963, wanda ya bunƙasa tsarin karɓa-karɓa. Kwamfuta ɗaya ce, mutane da yawa na zaune gaban nasu madannan, tana ba kowa ɗan ƙiftawar ido tana wucewa, da saurin da kowa zai ɗauka shi kaɗai take saurare. Fernando Corbató ne ya jagoranci gina irin wannan tsari a MIT, kuma a kansa aka fara amfani da kalmar sirri don kada wani ya leƙa kayan wani. Masu amfani da shi ba su daɗe ba suka fara bar wa juna saƙo a ciki.

Ya kuma tallafa wa Douglas Engelbart na cibiyar bincike ta SRI a Kalifoniya, mutumin da mutane da yawa ke yi wa kallon mai mafarki da rana. A ɗakin binciken Engelbart aka ƙera maus na farko, ɗan akwatin katako mai tayoyi biyu a ƙasa. Ba don ya burge su suka zaɓe shi ba. Sun jera shi da alƙalamin haske da sandar sarrafawa, har da wata na'ura da ake turawa da gwiwa, suka sa mutane su nuna abu a allo, suna auna lokaci suna ƙirga kuskure. Maus ya yi zarra. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wannan shi ne darasi na biyu na fannin.

A Afrilun 1963 Lick ya aika wa waɗannan masu bincike wata takarda, cikin raha ya kira su mambobin hanyar sadarwar kwamfuta ta tsakanin taurari. Sunan wasa ne, amma maganar da gaske yake: kowace jami'a na da kwamfutarta da yarenta, ba mai jin na wani. Yana son a haɗa su, ta yadda mutum zai zauna a gari ɗaya ya yi amfani da manhaja ko bayanan da ke wani gari.

A 1964 ya bar ofishin. Wanda ya gaje shi, Ivan Sutherland, shekararsa 26 kacal, kuma shi ne ya gina manhajar zane ta Sketchpad a kan TX-2 ɗin nan. Bayansa Robert Taylor ya hau a 1966, shi ma ilimin halayyar ɗan Adam ya karanta. Taylor na da na'urori uku a ofishinsa, kowacce na magana da kwamfuta daban, sai ya tashi daga wannan kujera ya koma waccan. Haushin haka ya sa ya nemo kuɗin fara ARPANET. Ranar 29 ga Oktoba 1969 saƙon farko ya tashi daga jami'ar UCLA zuwa SRI, harafi biyu kacal suka isa kafin na'urar ta tsaya. Daga wannan zuriya intanet ta fito.

Ka lura, Lick bai ƙera maus ba, bai kuma gina ARPANET da hannunsa ba. Abin da ya yi shi ne ya faɗi inda ya kamata a dosa, ya nemo matasa masu ƙwazo, ya ba su kuɗi da sarari, ya haɗa su da juna.

Abin da ya gani, da abin da ya wuce shi

Bayan Pentagon ya yi 'yan shekaru a kamfanin IBM. A 1965 ya fitar da littafi a kan ɗakunan karatu na gobe, inda ya kwatanta mutumin shekarar 2000 zaune gaban allo yana yi wa tarin ilimin duniya tambaya. A 1968 shi da Taylor suka rubuta maƙalar da ta fi shafar ka kai tsaye, a kan kwamfuta a matsayin hanyar sadarwa tsakanin mutane.

A cikinta sun yi hasashen cewa za a samu al'ummomi a kan layi waɗanda sha'awa ɗaya za ta haɗa, ko da garuruwansu sun yi nisa. Zauren magoya bayan ƙungiyar ƙwallon da kake ciki, da na masu ɗinki, da na marubuta littattafan Hausa, su ke nan. Sun kwatanta wata manhaja da za ta zama kamar ɗan aikenka, ta san abin da kake so, ta tace maka saƙonni. Shekara 36 ke nan kafin a kafa Facebook a 2004.

Sun kuma ajiye tambayar da suka ce a kanta komai ya rataya: shiga wannan hanyar sadarwa zai zama haƙƙin kowa ne ko gatan wasu tsiraru? Suka yi gargaɗin cewa idan 'yan gata kaɗai suka samu, to giɓin ilimi da dama da ke tsakanin mutane ƙaruwa zai yi.

Amma fa ba duka ya hango ba. Lick mutum ne mai yawan kyautata zato. Ya ɗauka idan kowa ya zaɓi abokan hira bisa ra'ayi ɗaya, rayuwa za ta fi daɗi. Kai shaida ne a kan ɗaya fuskar: zauren da kowa ke faɗin abu ɗaya har ƙarya ta zama gaskiya, da taron dangi a kan mutum ɗaya. Sannan shi yana tunanin na'urar da za ta cece maka lokaci ne, alhali manhajoji da dama na yau da talla suke samun kuɗi, ribarsu tana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewarka a kansu. Shafin da ba ya ƙarewa komai jan da ka yi, da bidiyon da ke kunna kansa, da jan ɗigon da ke kiran idonka, duk zaunawa aka yi aka tsara su. Ilimin sanin halin mutum da ya ceci matuƙan jirgi, shi ɗin ne dai ake amfani da shi a hana ka barci ƙarfe biyun dare.

Lick ya koma MIT, ya shugabanci Project MAC daga 1968. Gudanar da ofis da bin takardu ba fagensa ba ne, ya fi sakewa a cikin ɗalibai, da kwalbar Coca-Cola da ba ta rabuwa da hannunsa. Ya sake riƙe tsohon ofishinsa na ARPA daga 1974 zuwa 1975, ya yi ritaya a 1985. Ya mutu ranar 26 ga Yuni 1990 a jihar Massachusetts yana da shekara 75, bayan ciwon asma ya taso masa. Shekara guda bayan haka aka buɗe wa duniya tsarin shafukan yanar gizo na Tim Berners-Lee. Bai ga ko ɗaya ba.

Amma ya ga jikokin aikinsa. Taylor ya tara da yawa daga yaran ARPA a cibiyar Xerox PARC, inda aka gina kwamfutar Alto a 1973, mai maus da allon da ke nuna hoto. Daga can salon ya shiga Macintosh na kamfanin Apple a 1984. A 1983 kuma Stuart Card da Thomas Moran da Allen Newell suka fitar da littafin da ya yayata sunan fannin.

To, kai fa?

In wannan labari ya ja hankalinka, ga abin da karatun fannin ya ƙunsa. Za ka ɗan san kwamfuta, ka san zane da tsara shafi, ka san yadda ido da hannu da ƙwaƙwalwa ke aiki, ka kuma san al'ada da harshen mutanen da kake yi wa aiki. Akwai ƙa'idojin da aka auna aka tabbatar, kamar wadda Paul Fitts ya fitar a 1954: lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu ya danganta da nisan abin da girmansa. Shi ya sa maɓallin da kamfani ke son ka danna yake ƙato a kusa da babban yatsanka, wanda ba ya son ka gani kuma ɗan mitsitsi a can lungu. Daga yau ka riƙa lura.

Hanyar aikin ma ba ta da sarƙaƙiya. Ka kalli mutane suna amfani da abu, ka zana gyara ko da a takarda ne, ka ba wasu su gwada, ka ƙirga inda suka maƙale, ka sake gyarawa. Ba sai kana da laftof ba kafin ka fara. Ga gwaji biyu na wannan mako.

Na farko irin na Lick ne. Kwana bakwai, ka riƙa rubuta abin da ya sa ka ɗauki waya da abin da ka ƙare da yi. Ka shiga duba jadawalin jarrabawa, bayan minti arba'in ka tsinci kanka a bidiyon biki. Me ya ja ka? A wane maɓalli hanya ta karkace? Ka fitar da naka kason.

Na biyu, ka nemi izinin Baba ko Inna ko Kaka, ka roƙe su su ajiye sabuwar lamba, ko su duba kuɗin da ya rage a asusu ta lambobin da ake dannawa. Ka zauna gefe ka yi shiru, kada ka karɓe wayar. Ka ga inda yatsa ya tsaya, kalmar Turancin da ta tare hanya, da yadda shafin ke rufewa kafin su gama karantawa. In sun ce kansu ne ba ya ja, ka tuna da matuƙan B-17.

A nan ne tambayar 1968 ta iso ƙofar gidanmu. Samun waya da data rabin shiga ne kawai. Wanda allon rubutunsa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, har ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki, an rage masa harshensa. Wadda ta iya ajami amma ba ta yi boko ba, manhajar banki ba ta san da zamanta ba. Yawan saƙon murya da mutanenmu ke turawa ma bayani ne ga mai lura: jama'a sun nemo wa kansu hanyar da ta dace da su. Injiniyan da ke zaune a Kalifoniya ba zai ga waɗannan ba, domin bai taɓa tsayawa a layin mai POS ranar kasuwa ba. Kai ka tsaya, ka kuma san harshen.

Lick ya haura shekara 40 kafin ya mai da hankalinsa kacokan kan kwamfuta, kuma abin da ya shigo da shi jari shi ne sanin mutane. In kana karanta Hausa ko ilimin zamantakewa ko aikin jinya, kada wani ya ce maka fasaha ba taka ba ce. Ɗauki biro da takarda, ka fara da gwaji na biyu yau da daddare.